Na'urar tef tana ta gaba da baya: laifin girman bulo ne ko rashin bafa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da na'urar LTO-7, mai ajiye bayanai a tef, a wurin aiki, haɗe da saba mai Linux. Duk ƙarshen mako nakan kwashe kusan TB 2 daga ma'ajiyar fayilolinmu ta netwok zuwa tef da `tar`, shirin da ke haɗa fayiloli su zama ajiya ɗaya. Aikin yakan ci sama da awa tara, na'urar kuma sai ta yi gudu ta tsaya, ta koma baya, ta sake tashi. Wani ya ce in ƙara girman bulo, na sa `-b 1024`, abin ya ɗan lafa amma bai daina ba. Da na zo gwada dawo da fayil ɗaya kuwa, sai `tar` ya ce "Cannot allocate memory", alhali RAM ɗin sabar GB 32 ne. Wane girman bulo ya dace, kuma `mbuffer` zai raba ni da wannan matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da farko dai hankalinka ya kwanta, bayananka suna nan cikin tef ɗin, ba abin da ya same su, RAM ɗinka ma ba shi da laifi. Da ka rubuta da `-b 1024`, kowane bulo, wato dunƙulen bayanan da ake rubutawa a karo ɗaya, da ya hau tef girmansa bait 524,288 ne, wato 1024 sau 512. Da ka zo karantawa ba ka faɗa wa `tar` haka ba, sai ya miƙa ƙoƙon da ya saba miƙawa mai cin bait 10,240. Direban tef na Linux ba ya gutsura bulo ya ba ka rabi. Idan abin da ka miƙa bai isa ya ɗauke bulon gaba ɗaya ba, sai ya ƙi, ya dawo da wannan saƙo mai ruɗarwa. Duba `dmesg`, wato saƙonnin da Linux kansa ke rubutawa, za ka ga layin da ke cewa ya kasa karanta bulo mai bait 524288 da ma'aunin bait 10240. Mayar da tef farko, ka sa `-b 1024` wajen karantawa, fayil ɗinka zai fito. Tsofaffin nau'o'in Linux, kafin 2.4, shiru suke yi su zubar da ragowar bulon, don haka wannan ƙin da ya ba ka haushi alheri ne.

To, sauran tambayar. Matsaloli biyu ne ka haɗa wuri guda, kuma maganin ɗaya ba ya warkar da ɗayan. Girman bulo magana ce ta yawan abin da kwamfuta ke miƙa wa na'urar a kowane umarni guda. Bafa kuwa, wato wurin da ake tara bayanai a memori kafin a miƙa su, aikin da `mbuffer` ke yi ke nan, magana ce ta ko bayanai suna isowa ba yankewa. A wurinka na fi zargin wani abu na uku ma, wato tushen da kake kwasowa ba shi da saurin da zai ƙosar da na'urar.

Tef ɗin LTO ba ya iya rubutu a tsaye. Dole zaren ya riƙa wucewa ta gaban kan rubutu da wani gudu tsayayye, sannan a iya shimfiɗa bayanai a kansa. LTO-7 da ya fito a 2015 yana ɗaukar TB 6, yana rubuta MB 300 a sakan ɗaya, zaren ya kai mita 960, na'urar kuma tana bin sa daga farko zuwa ƙarshe ta juyo, sau 112 kafin kaset ya cika. Idan bayanai suka yanke tana tsakiyar gudu, ba za ta ci birki a daidai inda rubutu ya tsaya ba. Sai ta zarce, ta rage gudu, ta tsaya, ta ja zaren baya ta wuce wurin, ta jira, sannan ta sake ɗaukar gudu don ta iso daidai wurin da cikakken sauri. Wannan shi ne sautin da kake ji. Masu sana'ar suna kiransa shushaina, don zaren na kai da komo a kan kan rubutu kamar ƙyallen mai goge takalmi. Kowane zagaye yana cin sakanni, yana cin zaren, yana cin kan rubutu da motocin na'urar.

Masu ƙera na'urorin sun san da wannan, shi ya sa suka yi dabara biyu. Akwai memori a cikin na'urar kanta, a zamanin LTO-7 galibi GB 1. Sannan na'urar tana iya rage gudunta ta daidaita da abin da ake ba ta, amma ragin yana da iyaka, kusan kashi ɗaya cikin uku na cikakken saurinta. Ga LTO-7, wajen MB 100 ke nan a sakan. Ƙasa da haka ba ta da zaɓi sai tsayawa.

Yanzu yi lissafin aikinka. TB 2 a awa tara da 'yan mintuna ya kama kusan MB 60 a sakan. Ka faɗo ƙasa da mafi ƙanƙantar gudun na'urar. Idan layin da ke tsakanin sabar da ma'ajiyar fayilolin na gigabit ɗaya ne, ko da komai ya tafi daidai ba zai wuce MB 125 a takarda ba, a aikace wajen 110 zuwa 117. Ka ga ko a ranar da ya fi kowace kyau, da ƙyar yake wuce mafi ƙarancin abin da na'urar ke buƙata. In kuma fayilolin ƙanana ne, takardun ofis da hotuna dubbai, kowanne sai an buɗe, an tambayi bayaninsa ta netwok, an rufe, to saurin sai ya zube ƙasa warwas. Wannan shi ne abin da mutane ba sa son ji: sabuwar na'ura mai sauri tana iya shan wahala a inda tsohuwa ke aiki lafiya. LTO-4 na 2007 da ke rubuta MB 120 a sakan, MB 60 ɗin nan naka zai ishe ta ta yi ta tafiya a hankali ba tsayawa.

Kafin ka taɓa komai, auna tushen shi kaɗai, ba tare da tef ba:

`tar -cf - /hanyar/bayanai | mbuffer -o /dev/null`

Kada ka rubuta `tar -cf /dev/null` kai tsaye. GNU `tar` yana gane cewa ba inda bayanan za su, sai ya ƙi karanta cikin fayilolin, ya gama cikin ƙiftawar ido ya ba ka adadin ƙarya. Kuma kada ka yarda da gwaji na biyu a kan fayilolin da ka riga ka karanta, don Linux ya ajiye wasunsu a RAM. Haka ma wajen gwada na'urar: in ka tura mata sifili daga `/dev/zero`, za ta matse su har su kusan ɓacewa, ta nuna maka saurin da ba za ka taɓa gani a aikin gaske ba. Yi babban fayil na bayanan da ba sa matsuwa, ka ajiye shi a SSD, ka gwada da shi.

Tunda matsewa ta shigo: adadin MB 300 ɗin nan na abin da ke hawa zaren ne bayan na'urar ta matse. Idan bayananka masu matsuwa ne, kamar rubutu ko rumbun bayanai, sai ka ninka abin da za ka ciyar da ita. Wanda ke matsuwa biyu zuwa ɗaya yana buƙatar MB 600 kafin na'urar ta yi cikakken gudu, wajen 200 kafin ma ta daina tsayawa. Bidiyo da hotunan JPEG da fayilolin zip ba sa ƙara matsuwa, su ne masu sauƙin ciyarwa.

Sai girman bulo. Asalin 10,240 ɗin `tar` yana da tarihi. `tar` ya fito tare da Unix na bakwai a 1979, zamanin manyan faya-fayan tef masu layi tara. A waɗancan, tsakanin kowane bulo da na gaba ana barin fili ba rubutu, inci 0.6, don na'urar ta sami wurin tsayawa da tashi. A tef mai bait 1600 a inci ɗaya, bulo mai bait 80 yana cin inci 0.05 ne kacal, filin da ke bayansa ya ninka shi sau goma sha biyu. Bulo mai bait 10,240 kuwa yana cin inci 6.4, asarar ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. A lokacin zaɓi ne mai hankali. LTO ba ta aiki haka. Tana tattara abin da kwamfuta ta aiko, ta shirya shi cikin nata manyan ƙunshi kafin ta rubuta, don haka ƙaramin bulo ba ya cinye maka zare kamar da. Abin da yake ci shi ne lokaci. Kowane bulo umarni guda ne da zai tashi daga `tar`, ya ratsa direba, ya ratsa katin SAS da ke haɗa kwamfuta da na'urar, ya isa na'urar, a dawo da amsa, kafin na gaba ya tashi. Don cike MB 300 da bulo mai bait 10,240, sai an yi wannan kai da komo sama da sau 29,000 a sakan ɗaya. Da bulo mai KiB 256 (KiB ɗaya bait 1024 ne), wajen sau 1,100. Da mai MiB 1, wato KiB 1024, ƙasa da 300.

Daga waɗannan alƙaluma za ka ga inda ribar take. Tsallakawa daga KiB 10 zuwa 256 babban abu ne. Daga 256 zuwa 512 ɗan kaɗan ne. Daga nan zuwa sama da wuya ka ga bambancin da ya kai a yi magana, haɗarin kuma yana ƙaruwa. Na'urar kanta tana karɓar bulo mai megabait da yawa, `sg_read_block_limits` ko `tapeinfo` za su nuna maka iyakarta, amma ba ita ce mai yanke hukunci ba. Katin da aka haɗa ta da shi da direbansa suna da tasu iyakar. Tef ɗin da ka rubuta yau da bulo mai MiB 4, wata rana za a nemi karanta shi a wata kwamfuta daban, wataƙila ranar da sabar da ta rubuta shi ta ƙone, da wani kati da aka aro. In katin nan bai iya ɗaukar MiB 4 a umarni ɗaya ba, tef ɗin lafiyarsa ƙalau amma ba mai karanta shi. An daɗe ana fama da wannan a Windows, inda direbobi da yawa suke tsayawa a KiB 64 sai an shiga rajista an ɗaga.

Ni dai KiB 256 nake sawa in ba wani dalili, wato `-b 512`. KiB 512 ɗin da ka riga ka fara da shi, wato `-b 1024`, ma ba laifi, shi ne ma abin da LTFS, tsarin da ke sa a ga fayilolin tef kamar na diski, ke amfani da shi in ba a canja ba, don haka duk kayan da aka yi don LTO-5 zuwa sama ana sa ran su iya da shi. Tunda kana da kasakasai da aka rubuta da `-b 1024`, shawarata ka zauna a kai. Girman bulo iri biyu a kabad ɗaya ya fi kowane ɗayansu sharri.

Ka tabbata na'urar tana yanayin bulo mai canjawa:

`mt -f /dev/nst0 setblk 0`

A wannan yanayi, duk abin da shiri ya rubuta a karo ɗaya shi ne bulo ɗaya. `mt -f /dev/nst0 status` zai nuna girman bulo sifili. Ɗaya yanayin, na tsayayyen girma, yana tilasta kowane rubutu ya zama ninkin adadin da aka sa, in ba haka ba ya ce "Invalid argument". Yana da amfaninsa a wasu tsofaffin na'urori, amma kai ba ka buƙatarsa. Ka kuma lura da harafin n a `nst0`. `/dev/st0` yana mayar da tef farko duk lokacin da aka rufe shi, wanda ya rubuta ajiya biyu a jere ta nan, ta biyun ta hau kan ta farkon ke nan.

Akwai tarko ɗaya da ke kama mutane da yawa a nan. Wani zai rubuta `tar` ya wuce ta `gzip` ko `ssh`, sannan ya ƙare da `dd bs=512k of=/dev/nst0`, yana zaton ya sami bulo mai KiB 512. Bai samu ba. Bututun Linux KiB 64 yake ɗauka in ba a faɗaɗa shi ba, `dd` kuma, shirin kwafar bayanai, da `bs=` duk abin da ya samu a karatu ɗaya shi yake rubutawa, ko kaɗan ne. Sai tef ya cika da bulo kowanne da girmansa. In dole sai `dd`, a sa `iflag=fullblock`, ko a yi amfani da `obs=` a maimakon `bs=`. `mbuffer` ba shi da wannan matsala, sai ya cika bulo yake fitarwa.

To `mbuffer` ɗin. Ɗauke shi kamar tankin ruwa a gidan da famfo ke zuwa a tsiyaye. Tankin ba ya ƙara ruwan da ke shigowa ko ɗigo ɗaya, amma yana tara shi, in ka buɗe ya zubo da ƙarfi. Ga yadda zan rubuta naka:

`tar -b 1024 -cf - /hanyar/bayanai | mbuffer -m 8G -s 512k -P 90 -o /dev/nst0`

`-m 8G` girman tankin ne a RAM. `-s 512k` girman bulon da zai hau tef, yanzu `mbuffer` ne ke yanke shi ba `tar` ba, amma na bar `-b 1024` don `tar` ya cike ƙarshen ajiyar ya zama ninkin wannan adadi, bulon ƙarshe ya fito cikakke. `-P 90` shi ne zuciyar abin: kada a fara rubutu sai tanki ya kai kashi 90 cikin ɗari, in kuma ya ƙare a jira ya sake kaiwa. Wanda ya manta `-P` bai yi komai ba, don bayanai za su riƙa wucewa ta cikin tanki da tsiyayar da suka shigo da ita, tankin yana nan fanko.

Lissafa abin da zai faru. GB 7.2 a MB 60 zai taru cikin minti biyu. Na'urar ta tashi tana sha 300, famfo yana zuba 60, tanki yana raguwa da 240 a sakan, cikin sakan talatin ya ƙare. Ta tsaya, ta huta minti biyu, ta sake tashi. A TB 2 za ta tsaya sau ɗari biyu da 'yan kai, kowace tsayawa kuma bayan ta rubuta wajen GB 9 a jere. Wannan ya fi abin da take yi yanzu nesa ba kusa ba, zaren da kan rubutu za su huta. Amma aikin zai ci awa tara ɗinsa yadda ya saba, ko ya ragu da ɗan abin da ba a rasa ba. Duk wanda ya ce maka `mbuffer` zai mayar da shi awa biyu bai yi lissafi ba. Inda bafa ke yin abin mamaki shi ne inda tushen yana da sauri a jimlace amma yana tuntuɓe, ya yi 400 a kan manyan fayiloli, ya faɗi 20 in ya shiga folda mai ƙananan takardu, ya sake tashi. Nan tanki yana cike ramukan, na'urar ba ta ma san an yi ba.

Kada ka ba shi RAM ɗin duka. Idan tankin ya yi girman da Linux zai fara tura shi zuwa diski, ka koma gidan jiya. Kwata ko sulusin abin da kake da shi ya isa, `-L` kuma yana kulle shi a RAM in an ba ka izini. Ka tuna kuma abin da ke cikin tanki bai hau tef ba tukuna, ko da `tar` ya ce ya gama. In wuta ta ɗauke a wannan lokaci ya tafi, don haka sabar da na'urar duka su kasance a kan UPS, kuma in rubutaccen shiri ne ke gudanar da aikin, sa `set -o pipefail` don kuskuren kowane ɓangare na bututun ya fito fili.

Maganin gaske a wurinka shi ne zango. Kwaso bayanan daga netwok zuwa diskin da ke cikin sabar, da duk jinkirin da za su zo da shi, a haɗe su su zama manyan fayilolin `tar`, sannan a zuba su a tef a tashi ɗaya. TB 2 a MB 300 bai kai awa biyu ba. Sharaɗin shi ne diskin zangon ya iya bayar da wannan sauri. Diski mai juyawa guda ɗaya yakan yi 150 zuwa 250 ne, yana raguwa in ya doshi cika, in kuma ana rubuta masa ana karantawa lokaci guda sai ya durƙushe. SSD na SATA yana ba da wajen 500, ya wadatar. Manyan shirye-shiryen ajiya duk da wannan dabara suka zo: Amanda tana da diskin riƙo tun asali, Bacula tana da `SpoolData`. Ɗaya hanyar ita ce ɗaga netwok zuwa gigabit goma, amma wannan sai in ma'ajiyar fayilolin kanta tana iya fitar da saurin, gwajin da na ba ka a sama ne zai faɗa maka.

In wata rana ka koma Bacula, abubuwa biyu za ka duba. Girman bulonta na asali bait 64,512 ne, ya yi wa LTO-7 kaɗan, ana ɗaga shi da `Maximum Block Size`. Na biyun ya fi ɓoyuwa: `Maximum File Size`, wanda yake GB 1 in ba a taɓa ba. Duk GB 1 sai ta rubuta alamar ƙarshen fayil a tef, rubuta wannan alama kuma yakan sa na'urar ta juye duk abin da ke memorinta ta dakata. A MB 300, duk bayan sakan uku da ɗan abu ke nan. Ɗaga shi zuwa gigabait gommai. Wannan dalili ne ma ya sa ba a son rubuta ƙananan ajiyar `tar` ɗari a jere a tef ɗaya, kowacce da alamarta da tsayawarta, komai girman bafar da aka sa.

Wajen dawo da bayanai ma shushaina tana faruwa, ta ɗaya gefen: tef yana zubowa da 300, diskin da ake rubuta ƙananan fayiloli a kai ya kasa shanyewa. Juya tankin:

`mbuffer -i /dev/nst0 -s 512k -m 8G -p 10 | tar -b 1024 -xf -`

Ƙaramin `-p` yana nufin in tanki ya cika, kada a sake jan tef sai ya sauko ƙasa da kashi goma.

Bayan ka gyara, kada ka dogara da kunne kaɗai. `tapestat` da ke cikin kunshin `sysstat` yana nuna abin da ke shiga na'urar sakan bayan sakan, `mbuffer` kansa yana nuna cikar tanki yana tafiya. In ka ga tanki kullum fanko, tushe ne mai jinkiri. In ka gan shi kullum cike amma saurin bai kai ba, matsalar tana gefen na'urar: bulo ya yi ƙanƙanta, ko kati, ko kan rubutu ya yi datti. LTO tana karanta abin da ta rubuta nan take, in bai fito da kyau ba ta sake rubuta shi a gaba, don haka na'ura mai datti ba ta kuka, sai dai ka ga sauri ya ragu kuma kaset ya cika kafin TB 6. Kaset ɗin wanki kuwa sai ta nema da kanta ake sa mata, yawan sa shi yana cin kan rubutu.

Idan ka ci karo da tsohon kaset da ba wanda ya tuna da wane girma aka rubuta shi, mayar da shi farko, ka sa `setblk 0`, sannan:

`dd if=/dev/nst0 of=/dev/null bs=4M count=1`

Adadin bait ɗin da `dd` ya ce ya kwafa shi ne girman bulon farko. Raba shi da 512 ka sami abin da za ka ba `-b`. Naka kuwa, ɗauki alƙalami yau ka rubuta "tar -b 1024" a takardar da ke jikin kowane kaset, tare da kwanan wata, sannan ka ɗauki ɗaya ka dawo da shi gaba ɗaya a wata kwamfutar da ba ita ta rubuta shi ba.